Faɗuwar da Ba a Busa wa Usur Ba

Sau uku wani kafinta yana ƙara wa gadon ɗansa tsawo kafin yaron ya cika shekara goma sha bakwai. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Tsani, domin shi ake kira idan ƙwan fitila ya mutu. Tsawon nan ne ya kai shi ƙungiyar ƙwallon kwando, inda ya shekara shida wasan ne sana'arsa.

Ba tsawo kaɗai ya fito da shi ba. Da zarar abokin karawa ya goge shi da kafaɗa, sai ya zube warwas, alƙalin wasa ya busa usur ya ba shi jifa biyu. Kocinsu ne ya koya masa dabarar, har da yadda zai dafe ƙirji yana birgima.

Kafinta bai taɓa son abin ba. "Ƙato kamarka, ɗan tsurut ya hure ka ka faɗi? Mutum na haifa ko tabarma?"

"Aiki ne, Baba," in ji Tsani yana dariya. "Kai ma ai fenti kake shafawa ka rufe tsagar katako."

Yana da shekara ashirin da huɗu likita ya gano babbar jijiyar zuciyarsa ta kumbura, ya umarce shi da ya bar wasa. Tsani ya ninke takardar ya miƙa wa mahaifinsa, ya roƙe shi kada koci ya ji sai gasa ta ƙare. Wasa uku kacal suka rage. Kafinta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa takardar a akwatin ƙusoshi.

A wasa na biyu kafinta yana zaune can saman benci lokacin da Tsani ya faɗi a ƙarƙashin kwando. 'Yan kallo suka tuntsire da dariya. Alƙali ya yi nuni da hannu a ci gaba.

"Tashi mana, Tsani!" koci ya daka masa tsawa. "Yau alƙali bai yarda ba!"

Kafinta kaɗai ya lura. A faɗuwar ƙarya, ɗansa kullum hannun hagu yake fara kaiwa ƙasa. Wannan karon da fuska ya sauka. Kafinta ya gangaro matakala yana kiran likita, mai gadi ya tare shi.

"Kwantar da hankalinka, tsoho. Haka yake yi kullum."

Sai da aka jefa ƙwallo a ɗaya kwandon aka dawo kafin wani ya durƙusa ya juyo Tsani.

Bayan kwana uku da jana'izar Tsani, koci ya zo shagon kafinta, idanunsa jajir. "Baba, da mun san yana da wani ciwo, wallahi da ko takalmi bai ɗaura ba."

Akwatin ƙusoshin yana kan teburi a tsakaninsu. Kafinta ya ɗora tafinsa a kan murfin, bai ɗaga ba har baƙon ya tafi.