Ɗana Mai Aikin Lada Da Katangar Gidanmu

Ina sauka daga kabu-kabu bayan kasuwar hatsi ta Kaura, sai ga ɗana Nura ɗauke da bulo a ka, gumi sharkaf. Wai ya shiga ƙungiyar matasa masu gina wa marasa ƙarfi gidaje.

Nuran da katangar gidanmu ta faɗi tun damina, ko kwaɓa ƙasa ya ƙi taya ni! Awakin maƙwabta sun mai da tsakar gidan nasu.

Na ce, "Kai, tamu katangar fa?"

Ya ce, "Baba, nan lada ake samu."

"Can gida zunubi ake rabawa?"

Ya sosa ƙeya. "Kuma nan ana ɗaukar hoto."

Jama'a, wa zai ara min kyamara ranar Asabar? Awakin ga sun fara cinye min dawa.