Ranar da Na Yi Musu Tafinta a Abhur

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a wani gidan rediyon jiha kafin in zo Jidda. Da albashi ya zama sai an ga dama, na tattara na taho, na samu aikin kula da shige da ficen kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Ban da jaka ɗaya, abin da na zo da shi daga gida murya ce. Ita ce kuma ta jawo mini abin da har yau nake jin kunyarsa.

Mu Hausawan unguwar Kurayyat muna da zaure a waya, inda ake sanar da rasuwa da suna da ɗaurin aure. Da yawa cikinmu ba su yi boko ba, don haka saƙon murya ake turawa, kuma ni nake yi. In na gyara murya na ce "jama'a ga sanarwa," sai tsofaffi su ce kamar suna gida. Abin yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da za a zaɓi shugaban ƙungiyarmu, aka yi kame a layin teloli. Askarawa suka zo da hantsi suka kwashe marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Shago ɗaya ne ba a taɓa ba, na wani tela mutumin Damagaram, mai shiru-shiru, wanda iƙamarsa lafiya lau take, kafilinsa kuma, Balaraben da ya tsaya masa a takarda, na gaskiya ne. Dalilin ke nan da aka bar shi, kowa ya sani. To amma akwai wani Alhaji mai harkar kwantena da yake neman shugabancin, faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ya shiga bin majalisu yana cewa akwai 'yan rahoto a cikinmu, sunayensu na cikin wayarsa, in aka zaɓe shi zai share unguwa. In ya faɗa sai ya dafa aljihu. Ba mahalukin da ya taɓa ganin sunayen nan.

Ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini takarda. A gidan rediyo an koya mana cewa mai karatu ba ya tambaya, abin da edita ya miƙo shi ake karantawa. Da wannan na yaudari kaina. Gaskiyar magana kuwa, matata da bizar umra ta zo ta zauna babu iƙama, kuma Alhaji ya san da haka. Na karanta wa zaure cewa ɗan rahoton da ya kira askarawa yana cikinmu. Har da "wata majiya mai tushe ta shaida mana," wannan ni na ƙara da kaina don ya yi kama da labarai. Ban kama suna ba, cewa na yi "wani mai ɗinki da shagonsa ya tsira." To tela nawa ne shagonsu ya tsira?

Da Alhaji ne ya faɗa da bakinsa, da an ce siyasa ce. Amma muryar rediyo aka ji, mutanenmu kuwa ba sa musu da rediyo. Kafin mako ya zagayo mata sun je sun karɓe atamfofinsu ba a ɗinka ba. In ya yi sallama a masallaci sai a amsa ciki-ciki, ko a kama duba waya.

Ana cikin haka wani likita ɗan ƙasarmu ya gayyace mu istiraha a Abhur, can bayan gari a bakin teku, irin gidan hutun nan da ake kamawa na yini guda. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, ya ce za a ci shinkafa a kalli fim. Ya gayyaci telan ma. Aka kawo manyan farantai, aka zauna biyar-biyar kamar yadda aka saba. Telan ya tsuguna a wani faranti, sai mutum huɗun da ke wurin suka zare ɗaya bayan ɗaya, wannan zai wanke hannu, wancan wai ana kiransa a waya. Ya yi loma biyu shi kaɗai a gaban cinyar rago, ya tashi ya koma bakin ƙofa wajen takalma ya zauna.

Fim ɗin na Turawa ne, marar kala, labarin wani zamani da ya wuce a ƙasarsu. Wani ɗan siyasa ne ya firgita ƙasa gaba ɗaya, yana cewa maciya amana sun cika gwamnati. Duk wanda ya nuna da yatsa ya rasa aiki, maƙwabta su guje shi. Sai wani mai gabatar da labarai a talabijin ya ƙi yin shiru, ya nemi hujja a bainar jama'a, alhali ya san shi ma aikinsa na iya tafiya. Turanci ake yi, rubutun ƙasan kuma Larabci ne mai gudu. Likitan ya ce, "Malam, kai ne namu na rediyo, yi mana tafinta."

Haka na zauna kusa da allon ina juya maganar wannan bawan Allah zuwa Hausa. Duk abin da ya faɗa a kan tsoro da ƙazafi ta bakina ya fito, da muryar nan dai.

Jama'a kuwa fim ya tafi da su. Duk sanda ɗan siyasar ya bayyana sai ka ji tsaki ta ko'ina. Wani direba ya ce, "Dubi idonsa, wallahi munafuki ne." Wani dattijo ya ce da a gabansa yake da ya tofa masa yawu. Waɗanda aka haifa a nan suna ta "ya salam, ya salam." Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Alhaji. Yana kishingiɗe yana jan carbi, da ɗan jaridar ya dire magana sai ya tashi zaune ya ce, "Ka ji maza. Irin waɗannan muka rasa a ƙasarmu, shi ya sa muka lalace." Aka ce gaskiya ne, Alhaji. Na dube shi ko zan ga alamar wasa ko ta kunya. Babu. Mutumin nan tsakaninsa da Allah yake faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ɗaki cike da magidanta, kowa ya ɗauki kansa shi ne ɗan jaridar, ba wanda ya waiwayi bakin ƙofa.

Da aka gama har da tafi. Ana shirin alwalar la'asar sai telan ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, fassara ta yi kyau," ya ce da ni. "Tunda yau ga ni ga ka, ina da tambaya. Majiyar nan taka mai tushe, wace ce? Wa ya gan ni?"

Likitan ya zuba mini ido, a nan na gane ashe don wannan ya tara mu. Amsar tana bakina: babu wata majiya, takarda aka ba ni, ga wanda ya ba ni nan a zaune. Kafin in buɗe baki Alhaji ya juyo a hankali, kamar mai gaisuwa.

"Malam, ya jikin Hajiya? Kwana biyu ba a ganinta a waje."

Na ce, "Da sauƙi, Alhaji." Sannan na dubi telan na ce, "Ɗan jarida ba ya tona majiyarsa."

Wai ni ne na faɗi haka. Har wani ya gyaɗa kai ya ce ai ƙa'idar aiki ce.

Telan ya dube ni. Ya ce, "Halas, shi ke nan," ya sa takalmansa ya fita. Daga Abhur zuwa Kurayyat tafiya ce mai nisa, ga motoci birjik a waje, amma ba wanda ya ce ya tsaya a rage masa hanya. A motar da na shiga hirar fim aka yi ta yi har gida. Mai motar ya ce ai su na cikin fim ɗin can ƙasarsu ce, mu kuwa baƙi ne, baƙo ba ya jayayya. Na ji daɗin maganar nan, don ta ba ni inda zan fake.

Alhaji ya ci zaɓe. Sunayen da ke wayarsa ba a sake jin labarinsu ba. Telan ya yi ta buɗe shago yana zama a gaban keke babu ɗinki har bayan ƙaramar salla. Daga nan ya sayar da kekunan, ya sa kafilinsa ya buga masa huruj, fitar da ba dawowa, ya kwashi iyalinsa ya koma Damagaram. Ya fi shekara ashirin a Jidda. Ban je mun yi sallama ba.

Sai da matata ta koma gida, ya zama babu abin da Alhaji zai iya yi mini, sannan zuciyata ta dawo. Ihu bayan hari. Na zauna a bayan sito lokacin hutun azahar na ɗauki saƙo. Na ce sanarwar nan da na yi a kan tela ƙarya ce, babu wata majiya, ni na zalunci bawan Allah, duk wanda ya juya masa baya saboda ni ya nemi gafararsa. Na tura zaure, na riƙe wayar ina jiran zagi. So nake a zage ni.

Ba wanda ya zage ni. Na koma bakin aiki ina duba wayar, shiru. Can da yamma wata mata ta turo saƙo, ana jin ƙarar tukwane a bayanta.

Ta ce, "Malam, Allah ya ba da lada. Amma wane tela ke nan?"