Rabon Kukun Jirgi

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, ina jin damina ɗaya ce za ta ƙi fita, wato wadda muka yi bayan rasuwar Baba, lokacin da Inna ta daina cin abinci muna ji muna gani.

Ni ne auta a gidanmu. A lokacin ina gyaran waya a Funtua, sai yayata ta kira ni ta ce in bar shagon nan in taho ƙauye, Inna na neman ƙarewa. Na hau mota zuwa Dayi, na ƙarasa a babur. Na same ta zaune a kan tabarma cikin kayan takaba. Matar da take girka wa 'yan gayya tuwo tukunya guda ba ta ce wash ba, ita ce ta rame ta koma fata da ƙashi. An kai ta asibiti a Malumfashi, aka ce ba a ga wani ciwo ba, abinci kawai take buƙata. To, ai mu ma mun san wannan. Yayata ta yi faten tsaki, ta yi dambu, ta yi kunun gyaɗa, kullum ita ake fara zuba wa a sabuwar kula tun kafin kowa ya taɓa, saboda girmamawa. Sai ta buɗe, ta ce an gode, ta rufe.

Ni kuwa ban iya lallashi ba, ban kuma iya zama shiru ba. Bayan la'asar sai in zauna kusa da ita in ciro waya in yi wasan da na kamu da shi. Wasa ne na jirgin ruwa irin na da, mai tafiya da iska. Kai ne kyaftin, kana ɗaukar kaya daga wannan tasha zuwa waccan, kana kauce wa 'yan fashin teku. Amma wahalar ba a yaƙi take ba, a tukunya take. Jirgin yana da kuku, wani ƙato mai farar hula, kai kuma za ka sayo masa kayan girki ka haɗa. Kifi da gishiri da albasa su ba da miya mai ƙara wa matuƙa ƙarfi. Garin alkama da ƙwai su ba da burodi. In ka manta lemon tsami, haƙoransu su fara zubewa a tsakiyar teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Mairuwa ba, ga ni ina rabon abinci a teku.

Wata rana na yi tsaki, Inna ta ce, "Kai Auta, da wa kake faɗa?"

Na ce mata matuƙana ne suka gudu saboda yunwa. Ban zaci za ta tanka ba, sai na ji ta ce in matso ta gani. Na nuna mata tukunyar da kayan da ake sakawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓe baki. "Kifi, gishiri, albasa. Shi ke nan? Ba daddawa, ba tarugu? Wannan ai ruwan wankin kifi ne. Da ni ce su, tun a bakin gaɓa zan gudu."

Yayata tana daka a tsakar gida sai da ta tsayar da taɓarya, domin rabon Inna da doguwar magana irin wannan tun ranar sadakar uku.

Daga ranar jirgin ya tashi daga hannuna. In na ce zan sayi bindiga, ta ce a sayi albasa, ciki da yunwa ba ya harbi. In na ga zinariya a wani tsibiri na so in juya, ta ce, "Mutanen nan sun karya kuwa?" Ta hana ni barin tasha sai rumbun jirgi ya cika, kamar yadda take hana Baba sayar da masara kafin a ga ƙarshen damina. Duk ranar da na makara sai ta aiko a ce mini ko na manta da bayin Allah a kan ruwa. Na ji daɗi ƙwarai, amma daɗin bai cika ba, don mutanen cikin waya suna ƙiba, ita kuwa kularta tana nan a rufe.

Ran nan muka haɗa babban girki, miyar kifi da lemon tsami da burodi. Matuƙa suka yi ihun murna, tukunya ta ɓace daga allo. Inna ta ƙura ido, ta ce, "To ina kwanon?"

Na ce, "Wane kwano, Inna?"

"Ba su mayar masa da kwano ba? Sun cinye tas? To shi mai girkin me zai ci?"

Na buɗe baki zan ce ai zane ne kawai, sai na fasa. Na tuna Baba a zaure da baƙin akushinsa. Bai taɓa cinyewa ba. Kullum sai ya bar gefe guda bai taɓa ba, ya tura tsokar da ta fi kyau ƙarƙashin tuwon, ya rufe da faifai a mayar cikin gida. Ina yaro na taɓa kai hannu wurin tsokar nan, ya buge mini yatsu ya ce, "Na mai girki ne." Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta zuba wa kanta abinci ba. Sai akushin ya dawo take wanke hannu. Mu kuwa, da kyakkyawar niyyarmu, muka wanke akushin muka ɗora a kan sif, muka riƙa ba ta na farko a kula. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallon ta.

Washegari na sayo busasshen kifi, na ajiye a gabanta na ce, "Inna, kin kushe miyar mutane, amma ban ga taki ba. Baki ai ba ya girki." Ta harare ni ta ce ɗan nema. Amma ta sa aka hura mata wuta, aka kawo mata kujera 'yar tsugunno. Ta sa kifi da gishiri da albasa irin na jirgi, sannan ta ɗebo daddawa ta ce, "Ga abin da ba su da shi a tekun." Yayata ta tuƙa tuwon masara. Na raɗa mata ta sauko da akushin Baba ta zuba mini a ciki. Ta dube ni, ta gane, ta juya tana goge ido da bakin zani.

Na zauna a zaure inda Baba yake zama.  Na ci gefe guda, na tura kan kifin ƙarƙashin tuwo, na rufe da faifai. Da kaina na kai mata, na durƙusa na ce, "Na mai girki ne."

Ta ɗaga faifan. Ta sa yatsa ta ɗaga tuwon, ta ga kan kifin. Hawaye suka riƙa sauka a kan zaninta. Can ta ce, "Ka rage da yawa. Shi ma haka yake yi, don ya san ina son kan kifi." Sai ta ce a miƙo mata ruwan wanke hannu.

Ban koma Funtua ba sai da aka girbe masara, kuma har ta bar duniya, duk ranar da nake gida a akushin nan nake ci. Wasan ya daɗe da fita daga wayata, amma abin da ya koya mini yana nan: kafin ka matsa wa mutum ya karɓi alherinka, ka fara gano ta wace hanya ya saba karɓa. Mu mun yi ta ba Inna na farko, ita kuwa ragowa take jira.