Igiyoyin Caja a Kwallar Inna

Ni na saya wa Inna waya, kuma da alfahari na saya. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ni da maigidana muna haya a Gwadangaji, salula kuwa ba ta daɗe da fara shiga hannun talaka ba. Garin ma kansa bai gama sabawa da zama babban birnin jiha ba. Inna tana Gulma ita kaɗai a ɗakinta tun rasuwar mahaifinmu, ni kuma sai ƙarshen wata nake samun zuwa. Sai muka yi yarjejeniya: kowace Juma'a bayan la'asar zan kira, ita kuma ta je ta tsaya a gindin rumbu, don nan ne kawai sabis yake kamawa a gidan.

Duk wanda ya san Inna, da hannunta ya san ta. Faifai take saƙawa. Ita take rina kabarta, ja da kore da baƙi, ta zauna a ƙofar ɗaki da basilla tana ɗinki tana hira, ba ta ko kallon abin da take yi. Faifanta sai ka shekara goma kana rufe tuwo da shi bakinsa bai zare ba. A gidanmu ban taɓa ganin ta fasa ko ludayi ba. Ni ce mai fasa kaya, ni ce mai saurin hannu da saurin baki, har ta kan ce da za a sayar da gaggawa da na yi arziki. Tunda na fara koyarwa ta daina kiran sunana, sai Malama, rabi girmamawa rabi tsiya.

Cajar da ta zo da wayar ta yi wajen shekara tana aiki. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone. Ban damu ba, domin ina da ɗan'uwa a harkar.

Ɗan kawuna ne, ɗan ƙanen Inna, wato taubashina. Tare muka tashi, kuma har yau ba mu daidaita a kan wane ne bawan wane ba. Yana da rumfa kusa da tasha a Argungu, daidai inda nake sauka in canja motar Gulma. Yana sayar da kati da batir da caja, yana kuma yi wa mutane caji da ɗan janaretonsa. Cajojin a rataye suke a jikin ƙusoshi, baƙaƙe, igiyoyinsu suna reto. A gefen teburin akwai allon soket. Duk wanda ya sayi caja sai ya soka ta a nan, ya jona wayarsa, ya ga caji yana shiga, ya lanƙwasa wuyan igiyar hagu da dama, sannan ya biya.

Yana hango ni ya ɗaga murya. "Baiwata ta iso! Mi kinka kawo ma ubangidanki?"

Na ce, "Bulala. Tashi ka ba ni caja, ta Inna ta ƙone."

Na kai hannu zan ciro ɗaya daga cikin na rataye, sai ya buge mini hannu. "Haba Malama, waɗanga na 'yan kasuwa na. Ta Gwaggo daban take." Ya sunkuya ƙarƙashin teburi, ya laluba cikin wani kwali, ya ciro ɗaya a sabuwar leda. "Wagga kam sai dai ta gaji da ita."

Ban gwada ba. Ta yaya ma zan gwada? A gidanmu an hore mu cewa ba a auna hatsin ɗan'uwa a gabansa, wanda ya auna kuwa ya kira shi ɓarawo ko bai buɗe baki ba. Allon soket na baƙi ne. Ni 'yar gida ce, har ragi ya yi mini ban roƙa ba. Na shiga mota ina jin daɗin cewa ina da nawa a kasuwa.

Juma'a biyu muka yi hira, ta uku na kira aka ce wayar a kashe take. Da na je ƙarshen wata Inna ta ce abin ya daina ci, sai ta riƙe wuyan igiyar a karkace sannan fitilar wayar take kamawa, daga baya ma ko ta riƙe ba ya yi. Na ce tsautsayi ne, araha ba ta ado. Na koma wurin taubashina, ya sake sunkuyawa ƙarƙashin teburi. Ta biyun ma ba ta ga sabon wata ba.

A ta uku ne ya sa mini abin a kai. Ya juya igiyar da na kawo in nuna masa, ya girgiza kai kamar likita, ya miƙo mini ita in mayar wa Inna. "Ke ma kin san tsohhi. Gwaggo hizgar ta taka yi, sai ka ce tana cirar albasa. Ko kuma hannun na ya hwara rawa ba ta sani ba. Dut garin ga babu mai maido min irin wagga sai ke."

Na yarda. Wallahi na yarda, don maganar ta zo mini daidai da abin da nake tsoro. Inna ta fara manyanta, kuma sau ɗaya ko biyu na ga kofi yana ɗan kaɗawa a hannunta da safe. Ga haushin Juma'o'in da nake tsayuwa a tsakar gida ina danna lamba wata mata tana ce mini a kashe take. Duk ranar da ban same ta ba sai zuciyata ta kawo mini rashin lafiya, ta kawo mini faɗuwa a bakin rijiya, in kasa cin abinci.

Da ta huɗu ta mutu, da fushina na shiga gidan. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki, faifai rabi a cinyarta. Ko gaisuwar kirki ban gama ba.

Na ce, "Inna, wai mi kika yi ma abubuwan ga? Huɗu hwa ke nan! Kowa tashi tana shekara, ke taki ko wata ba ta kai."

Ta ce, "Malama, a hankali nika sa ta. Da bisimilla nika sa ta, da bisimilla nika cirewa."

"To ba shi yi. Hannunki ba kamar da ba na, ki yarda. Ki bar taɓa ta. In an kawo wuta ki kira maƙwabciya ta jona miki."

Ta dubi hannayenta, ta juya su ciki da baya, sannan ta ɗauke faifan daga cinyarta ta jingina da bango. Ta ce, "To." Ta tashi ta kawo mini fura. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yarinya, amma a ranar gani nake gaskiya na faɗa mata don amfaninta.

A wannan zuwan, kan hanyata ta komawa, na zauna a bencin rumfar taubashina ina jiran motar Birnin Kebbi ta cika. Na ce masa ya bar cajar sai wata mai zuwa, tunda an kwana biyu ba wuta a Gulma. Ina zaune sai ga wani manomin shinkafa ya zo yana faɗa, wai jiya-jiya ya sayi caja yau ta ƙi. Mutumin nan ya ɗiga wa kan cajar shuɗin fenti, irin wanda suke sa wa buhunansu alama, don kada a musanya masa a wurin caji. Na yi ta dariya a zuci, na ce wannan ko akuyarsa ba ta tsira daga fenti ba. Taubashina bai yi musu ba. Ya ba shi haƙuri, ya ciro wata daga cikin na rataye, ya soka a allo, suka ga caji yana shiga tare, mutumin ya tafi. Wadda aka mayar kuwa ya jefa ta ƙarƙashin teburi. Na gani da idona, amma ban kawo komai a raina ba.

Watan nan gaba ɗaya ban ji muryar Inna ba. Ranar da na koma, na biya Argungu kamar kullum, muka yi tsiyarmu, ya sunkuya ya miƙo mini caja a sabuwar leda. Ina cikin motar Gulma ana jiran mutum biyu, sai na zaro ta don in naɗe igiyar da kyau kafin in kai. Ga shuɗin fenti a kanta. An kankare shi, amma ya maƙale a cikin tsagar roba.

Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane na sauka ba. Na isa rumfar na dangwara masa ita a kan teburi, na sa yatsa a kan fentin.

Na ce, "Wagga ta wa ta?"

Ya duba, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Dariya! "Kai, Malama ta kama ɓarawo. To ai wasan taubashi na."

"Dut huɗun da nik kai ma Inna daga kwalin ga sunka hito?"

"To ya kika so in yi? Waɗanda anka maido, can inda nika saro su ba su amsa. Wuyana za ni rataya su? Kuma ai suna yi, ko na sati biyu na." Ya rage murya kamar mai ba ni sirrin sana'a. "Baƙo in ya gwada ya ga ba ta yi, gaba zai yi, ya bi kasuwa yana ɓata min suna. Ke ko ina za ki? Ke tawa ta."

Da ya zage ni da na san abin da zan mayar. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ko kunya bai ji ba. Ya san ba zan gwada ba, ya san dalilin da ya sa ba zan gwada ba, kuma da wannan ya auna ni ya ga nan ne wurin zubar da shara. Kunyar da aka hore mu da ita a gida ɗaya, ita ya mayar jari. Da na tuna masa abin da ya ce game da hannun Inna, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi magana kawai ya yi, ai ba shi ya je ya faɗa mata ba. Nan kam bai yi ƙarya ba, ni na ɗauki maganar na kai har ƙofar ɗakinta.

Na tsallaka titi zuwa rumfar wani da ban taɓa gani ba. Na sayi caja irin ta rataye, mai arha kamar sauran. Na soka ta a allo, na lanƙwasa wuyanta hagu da dama, na ja, na murɗa, har mutumin ya ce Hajiya a yi haƙuri. Wannan cajar ta yi shekara biyu tana aiki.

Na isa Gulma da azahar. Ƙofar ɗakin Inna fes, ba ɓurɓushin kaba ko ɗaya, ba kwanon rini. Tana zaune a kan tabarma hannayenta a cinya. Na tambaye ta ina aikin, ta ce ta ba maƙwabciya kabar da basillar, tunda hannu ya tafi gara ta bari kafin ta fara ɓata wa mutane faifai su riƙa saye don kunya.

Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga kwalin har fentin. Na ce ta yafe mini. Ina kuka ina faɗa ina rantsuwa sai na kai ƙararsa wurin kawu.

Ta ce, "Kul. Ɗan ƙanena na. Kar kawunki ya ji, ki bar shi da Allah."

Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta sauko da kwalla daga jeren kayanta, ta buɗe a gabana. Ga su nan su huɗu. Kowace ta naɗe ta zagaye ɗaya bisa ɗaya, ta ɗaure da siririyar kaba, ba lanƙwasa ba ƙurjewa, kamar yau aka fito da su daga leda. Ta ce ajiye su ta yi, ta kan ciro su ta duba ko za ta gane inda take ɓata su.

Ta ɗaga hannayenta ta juya su, kamar yadda ta yi a wancan zuwan. "Ashe lahiya lau suke," in ji ta.

Na ce lafiya lau suke, Inna, ni ce ba ni da hankali. Na fita da sauri na shiga gidan maƙwabciya na karɓo basillar da ragowar kabar. Na dawo na ajiye kabar a gefenta, na sa mata basillar a tafin hannu, na ce gobe in Allah ya kai mu ina son sabon faifai, ja da kore.

Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Ta riƙe basillar ta ɗan jima tana kallon tsininta. Daga nan ta sa ta cikin kwallar tare da igiyoyin, ta mayar da murfi, ta ce in jona mata wayar kafin a ɗauke wuta.