Turbo Biyun da Yaya Ya Zaɓa

Da a-kori-kurata mai shan dizal nake jan tirelar kayan ɗalibai a Cheras ta ƙasar Malesiya, sai ta fara nishi a hawa. Bakanike ya ce a sa turbo biyu masu ƙara wa inji ƙarfi: ƙarami ya tashe ta da kaya, babba ya karɓa in ta miƙa. Tsautsayi ya sa na gaya wa yayana da ke Kano.

"Ƙarami na me? Sa manya biyu!"

Wa ke musa wa babban wa? Na sa. Ranar farko motar ta kafe a tsakiyar hawa, tana aman baƙin hayaƙi, ruwan sama yana dukan katifar wata ɗaliba. Na kira shi rai a ɓace.

Ya ce, "Kai ma dai! Ni me na sani a kan mota?"