Akwatin da Ya Mayar da Iorhemba Kan Fiyano

Iorhemba mutumin Agyaragu ne, amma a Lafiya aka san shi. Yana da 'yar rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. Ba wanda ya koya masa, da kunne ya ɗauka.

A daminar 2001 babur ya kayar da shi a hanyar Doma. Ƙashi ya haɗu, amma yatsun hannun hagu suka sandare. Gyaran rediyo bai gagare shi ba, don yana danne kaya da tafin hannun. Kiɗa ne ya gagara. Hagu ke riƙe sautin nan mai kauri da ake kira bes, wanda 'yan zumunta mata ke bi su taka rawa. Ya gwada da dama kaɗai, ya ji kiɗan salam. Sai ya lulluɓe fiyanon da tsohon zanen matarsa Ursula, ya koma zama a bencin baya.

Maƙwabcin rumfarsa Baballe yana saro kayan lantarki na hannu daga Legas. Wata rana ya tsinci wani faffaɗan akwatin ƙarfe a cikin kayan, bayansa duk ramuka a jere, ya kawo ya ce ko abokinsa ya san amfaninsa. Iorhemba ya taɓa ganin irinsa a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Jos. Ramukan irin na bayan fiyanonsa ne, waɗanda ake kira midi. Ya yi wa Baballe bayani cewa wayar midi ba sauti take ɗauka ba, saƙo ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Akwatin kuwa yana da ƙofofin shiga da na fita, mai shi ke zaɓar inda kowane saƙo zai nufa.

"To riƙe shi," in ji Baballe. "Ni a wurina ƙarfe ne."

Iorhemba ya kwana biyu yana juya maganar. In saƙo ne kawai, ai ba dole sai yatsa ya aika shi ba. Ya samo wani ƙaramin fiyano da ya fashe, ya ciro kayan cikinsa, ya sa kafinta ya yanko masa dogayen katakai da za a taka da ƙafa, ya jona kowanne da maɓallinsa. Saƙon ƙafa ya shigar da shi ta ƙofa ta ɗaya, ya tura shi injin bes. Na hannun dama ya shiga ta biyu, ya raba shi gida biyu, ɗaya ya ba da fiyano, ɗaya sautin goge.

Ƙafar ce ta ba shi wahala. Duk rani yana takawa ba takalmi, Ursula na tankaɗe a ƙofar ɗaki tana gaya masa inda ya kuskure.

Ranar da ya fito da kayan a coci, bisa kuskure ya danna maɓallin da ya mayar da saƙo inda ya fito. Sauti ɗaya ya maƙale yana ƙugi, ya ƙi mutuwa. Fasto ya tsaya da littafin waƙa a buɗe.

"Baban Seember," Ursula ta ce daga layin mata, "kashe ka sake. Muna jira."

Ya zare wayar, ya gyara hanyar, ya taka. Da bes ɗin ya sauko, wata tsohuwa ta leƙa ƙarƙashin tebur tana neman wanda ke ɓoye yana kaɗawa.

Kafin 2008 ya kama ɗaki a bayan rumfarsa ya fara ɗaukar waƙa. Mawaƙan coci na zuwa daga Keana, 'yan ƙabilar Eggon na zuwa, mawaƙan biki ma sun gano hanya. Yatsun ba su warke ba, har yau da haƙori yake jan zaren takalmi.

A 2010 wani magidanci daga Doma ya zo, shi ma makaɗin fiyano ne, injin niƙa ya ci masa yatsu, an ce masa akwai mai kiɗa da ƙafa a Lafiya. Iorhemba ya sa shi ya cire takalmi ya zauna. Da mutumin ya gaji da takawa, suka fita tare neman kafintan da zai yanko masa nasa katakan.