Gaisuwar da Na Goge a Gwaram

Wata biyu bayan rasuwar abokin aikina, aka kira ni daga Birnin Kudu zuwa wata cibiyar kwamfuta a Gwaram. Intanet ɗinsu ta tsaya, kuma marigayin ne ya saita musu suwic, akwatin da wayoyin kwamfutocinsu ke haɗuwa a jikinsa.

Na soka shuɗin kebul a kafar kwansol, ramin da ake bi a shiga saitin suwic ɗin, na haɗa da laftof ɗina. Rubutu ya fito a baƙin allo: "Sannu da zuwa. Yi bismillah kafin ka taɓa komai." Marigayin ne ya saka wannan gaisuwa; haka yake ce mini duk sanda za mu fara aiki. A ƙasa kuma na'urar tana neman kalmar sirri.

Na tambayi shugaban wurin. Ya ce, "Malam, ai shi kaɗai ya sani, Allah ya jiƙansa."

Na gwada sunan 'yarsa, na gwada na ƙauyensu, duk ta ƙi. Dole na goge saitin gaba ɗaya, har da gaisuwar. Na daɗe a zaune kafin na danna maɓallin gogewa.

Na sake saita suwic ɗin, kafin la'asar intanet ta dawo, suka yi ta godiya. Na naɗe kebul ɗina, na hau motar komawa gida.